Likita ya ce a liƙe wa Nana turamenta alhali lafiyarsu lau

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman wurin Dakta in tana kusa. Jiya muka kai Sadiƙ asibitin haƙori bayan mun kwana uku ba barci, kuncinsa ya kumbura har idonsa ya soma rufewa. Shekararsa 9. Na fi shekara ina ganin baƙin ɗigo a turminsa na can ƙarshe, amma na ɗauka na yarinta ne, famfara za ta zo kansa ya faɗi. Likita ya ce wannan ba ya faɗuwa, na dindindin ne, kuma ruɓar ta kai jijiya. Wallahi jikina ya yi sanyi. Sai ya ce in kawo ƙanwarsa Nana da muka je tare, shekararta 6 da rabi. Ya duba ya ce nata lafiya lau, amma yana so a shafa musu wani abu wai shi silant, a liƙe samansu kada su ruɓe. Babansu ya ce bai yarda ba, yaya za a biya kuɗi a taɓa haƙorin da ba ya ciwo. Akwai wadda aka taɓa yi wa ɗanta?

Ummu Yasir: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Sadiƙ lafiya. Ni yau na fara jin sunan abin.

Baban Walida: Allah ya sawwaƙe. Amma ni ina bayan maigidanki. Kin je da mara lafiya ɗaya, ana so ki fito da biyu. A wannan tsadar rayuwar, abin da ba ya ciwo a bar shi yadda Allah ya yi shi.

Hajiya Iya: 'Yata, Allah ya ƙara sauƙi. Shekarata 63, haƙorana duka suna nan sai ɗaya, kuma ban san ƙofar likitan haƙori ba sai da na yi jikoki. Asuwaki ne, sai gawayi da gishiri. Ku koma wa asuwaki ku huta.

Malama Zulai: Hajiya, da girmanki, amma me kuka ci kuna yara? Ni ina koyarwa a firamare, ina ganin abin da ke shiga bakin yaran nan daga safe zuwa tashi. Shayi mai sukari da burodi a gida, biskit da lemon roba a jaka, lokacin tara kuma su yi wa mai alawa da tuwon madara da iloka dafifi a bakin ƙofa. Da yamma a Islamiyya a sake. Ku a zamaninku alkaki da nakiya sai biki ko sallah, rake kuma sai lokacinsa.

Hajiya Iya: Wannan kam gaskiya ne Malama. Mu ko sukari sai an yi baƙo.

Dakta Hauwa: Salamu alaikum, yanzu na fito daga aiki. Maman Sadiƙ, sannu, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki ɗora wa kanki laifi fiye da kima, da wuya mako ya wuce ban ga uwa da irin labarinki ba, kuma dalilin kuskuren ɗaya ne kullum.

Haƙoran yarinta 20 ne, biyar a kowane ɓangare, sama da ƙasa, hagu da dama. Idan yaro ya kai wajen shekara 6, wani babban turmi yana fitowa a bayan na biyar ɗin. Ba ya ture kowa, ba haƙorin da ke faɗuwa kafin ya fito, galibi ma ba zazzaɓi ba kuka. Hankalin uwa yana kan giɓin gaba da ake tsokanar yaro da shi, shi kuwa wannan ya shigo ta baya shiru. Guda huɗu ne, kuma su ne za su yi wa mutum tauna har tsufansa. Wasu huɗun suna biyo bayansu wajen shekara 12.

Kowa ya gwada a daren nan: ki ƙirga daga tsakiyar bakin ɗanki zuwa baya. Na shida ba na famfara ba ne.

Ummu Yasir: Innalillahi. Bari Yasir ya dawo daga masallaci.

Baban Walida: Dakta, mun gode da wannan. Amma har yanzu ba a amsa mini ba. Me ya sa za a taɓa lafiyayyen haƙori?

Dakta Hauwa: Malam, sa harshenka a saman turminka, za ka ji ba sumul yake ba, akwai kwari da tudu. A wasu yaran kwarin nan yana da zurfi, tsagar tana da ƙunci har silin burushi guda ɗaya ya fi ta kauri. Komai ƙoƙarin uwa, burushi ko asuwaki samansa yake sharewa, ba ya isa ƙasan tsagar. Can abinci yake maƙalewa, ƙwayoyin cuta na baki su ci sukarin da ke ciki su fitar da ruwa mai tsami, tsamin nan ya riƙa narkar da ɓawon haƙori kaɗan kaɗan har ya huda. Ga shi kuma sabon haƙori ɓawonsa bai gama ƙwari ba a shekarun farko bayan fitowarsa, shi ya sa a lokacin ne ya fi saurin kamuwa.

Silant wani ruwa ne mai ɗan kauri da ake zubawa a cikin tsagar ya daskare, saman ya koma mai santsi, abinci ya rasa wurin maƙalewa. Ba allura, ba a fafe haƙorin da inji, ba a cire komai daga jikinsa. Za a wanke shi, a kewaye shi da auduga, a shafa wani magani mai tsami na wajen rabin minti don saman ya yi ɗan kaushi abin ya samu wurin kamawa, a ɗauraye, a busar, a zuba, sai a haska masa shuɗiyar fitila ya taurare nan take. Mintoci kaɗan ne kowane haƙori. Kuma ba sabon abu ba ne da ake gwaji a kanmu. Wani likita a Amurka mai suna Michael Buonocore ne ya gano dabarar shafa tsamin tun 1955, aka soma amfani da silant sosai a shekarun 1970.

Hajiya Iya: Wato kamar yaɓen soro kenan kafin damina. Ba a jira sai ɗaki ya yi yoyo.

Dakta Hauwa: Hajiya kin gama bayanin. Kuma kamar yaɓen, shi ma ana hawa a duba shi lokaci lokaci.

Anti Larai: To ni an yi wa ɗana, kuma ban ji daɗi ba. Wani asibitin kuɗi ne, ba zan faɗi suna ba. Muka biya na huɗu, ko wata biyar ba a yi ba muka koma duba wani abu daban, wani likitan ya ce biyu sun fita, babu ko alamarsu. Na koma wurin na farko aka ce sai mun sake biya. Har yau abin yana ci mini rai. Maman Sadiƙ ki yi tunani kafin ki zuba kuɗinki.

Baban Walida: Kun ji ko.

Dakta Hauwa: Anti Larai, kina da gaskiyar jin haushi. Silant mai kyau yana yin shekaru. In ya fita cikin watanni, mafi yawan lokaci yawu ne ya taɓa haƙorin ana tsakiyar aiki. Irin wanda ake haskawa da fitila ba ya shiri da danshi ko kaɗan, ɗigo ɗaya ya isa ya hana shi kamawa. Shi ya sa aikin yake son mutum biyu, ɗaya na shafawa ɗaya na zuƙe yawu, kuma yake son yaron da zai iya buɗe baki ya natsu. In haƙorin bai gama fitowa ba, dasashi na rufe da gefensa, busar da shi yana da wuya. A ganina wanda ya sa abu ya fita cikin wata biyar ya kamata ya mayar ba tare da ya sake karɓar ko kwabo ba, kuma ina ba iyaye shawara su yi wannan maganar tun kafin a fara. Wata nawa ya yi bayan fitowar haƙoran aka sa masa?

Anti Larai: Gaskiya lokacin ko gama fitowa ba su yi ba. Kuma yaron ya yi ta mutsu-mutsu yana kuka, mutum ɗaya ne ya yi aikin.

Maman Ayman: Mu nan Ingila an yi wa babbar 'yata tana shekara 7, yanzu tana 11, duk lokacin da muka je dubawa suna nan. Sau ɗaya aka ƙara a ɗaya da ya ɗan guntule. Sai dai nan kula da haƙoran yara 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta ne a asibitin gwamnati, don haka ba zan ce wa kowa komai kan kuɗi ba. Abin da zan ƙara shi ne ƙanenta ba a sa masa ba, likitar ta ce tsagar nasa ba zurfi, man fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, kawai take shafa masa.

Baban Walida: To ashe ba kowane yaro ba.

Dakta Hauwa: Ba kowane ba, kuma likitan da ya ce a liƙe wa duk yaron da ya shigo ba tare da ya duba ba, ni ma ba na bayansa. Muna duba zurfin tsagar, muna duba ko haƙoran yarintarsa sun taɓa ruɓewa, me yake ci, yaya ake goge masa baki, da kuma 'yan uwansa. Nana gida ɗaya take da Sadiƙ, tukunya ɗaya, kantin unguwa ɗaya. Da 'yata ce zan sa mata.

Tunda Malam mutumin lissafi ne: hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce cikin kogo 10 da ake samu a haƙora, 9 a turame suke. Ta ce silant yana hana kashi 80 cikin 100 na kogon turame a shekaru biyun farko, kuma yana ci gaba da hana kashi 50 har zuwa shekara huɗu. Sai ka auna kuɗinsa da kuɗin ciko, balle aikin jijiya irin wanda Sadiƙ yake fuskanta, wanda sai an yi ta zarya. In kuma aka cire turmin, na kusa da shi su karkato cikin giɓin, na sama ya zazzago, tauna ta koma ɓangare ɗaya.

Maman Sadiƙ: Wallahi kuɗin da aka yanka mana na Sadiƙ shi kaɗai ya ninka na Nana duka huɗun. Ban da maganin da muka yi ta saya a kemis, da kanumfari da tafarnuwa da muka yi ta cusawa.

Hajiya Iya: Ba ku kai shi an cire tsutsar ba? Akwai masu cirewa da hayaƙi, da idona na ga tsutsotsin a cikin kwano.

Dakta Hauwa: Hajiya, ki yi haƙuri, nan kam zan saɓa miki. Na buɗe ruɓaɓɓun haƙora ba adadi, ban taɓa samun tsutsa a ko ɗaya ba. Abin da ke cin haƙori ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Abin da ake nunawa a kwano ba daga haƙorin ya fito ba. Ciwon yana iya lafawa bayan haka don jijiyar ta mutu, sai a ce an warke, bayan watanni kunci ya kumbura da mugunya. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma ba ya toshe rami. Abin da nake roƙo da babbar murya, kada a ɗiga ruwan batir ko fetur a bakin yaro, kada a danna ƙwayar aspirin a jikin dasashi. Ina ganin ƙunar da suke yi.

Maman Ramatu Maraɗi: Lokotoro, ni tsorona daban ne. Na ji ana ta faɗin fuloraid. Mu nan mun san abin da ya faru a Tibiri, kusa da mu. Ruwan famfon garin ya zo da fuloraid mai yawa tun shekarun 1980, yara sunka sha shekara da shekaru, haƙoransu sunka yi ja, wasu ƙafafunsu sunka lanƙwashe. Har yanzu akwai su, mun san su. Shi wanga abu da za a liƙa a bakin yaro ya kwana da shi ya tashi da shi, ba zai yi masa irin wannan ba?

Dakta Hauwa: Maman Ramatu, wanda ya ga Tibiri dole ya yi wannan tambayar. Mu ma a Najeriya akwai wuraren da ruwan ƙasarsu yake da shi da yawa, irin su Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe, za ki ga haƙoran mutane da dabbare-dabbare. Matsalar can ita ce sha, kullum, shekaru, lokacin da ƙashi da haƙori suke ginuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha, ruwan Tibiri ya zarce haka nesa ba kusa ba. Silant ba shan sa ake yi ba, ɗan ɗigo ne da bai kai ƙwayar gero ba, ya daskare a wuri ɗaya. Irin da ake haskawa roba ce mai tauri. Ɗaya irin, gilas ayonoma, yana sakin fuloraid ɗan mitsitsi a jikin haƙorin da yake kai, wannan ba ya kai wa ga ƙashi. Inda za ki sa ido shi ne man goge baki: yaro ɗan ƙasa da shekara 3 a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama, ki tsaya a kansa ya tofar kada ya haɗiye.

Maman Ramatu Maraɗi: Na gode lokotoro, hankalina ya kwanta.

Ummu Yasir: Na dawo. Na ƙirga, shida ne a ƙasa ta kowane ɓangare, a sama biyar. Na dama akwai ɗan layi ruwan ƙasa a tsakiyarsa. Ba ya ciwo. Shi kenan ya wuce a liƙe?

Dakta Hauwa: Ba lallai ba. Wani layin tabo ne kawai, wani kuma farkon ruɓa ne. In bai riga ya zama rami ba ana iya liƙe shi a haka, ƙwayoyin da ke ƙasa su rasa abinci ruɓar ta tsaya. In ya huda, sai ciko. Ido da hoton waya ba za su raba mana ba, ki kai shi cikin makon nan ko na sama. Rashin ciwo ba shaida ba ce, ɓawon haƙori ba shi da jijiya, sai ruɓa ta yi nisa ake jin ta.

Malama Zulai: Ni akwai abin da ke damuna tun ɗazu. Duk wannan maganar ta mu ce da ke birni muke da abin biya. Ajina yara sun haura 70, na tabbata da wuya a samu biyar da suka taɓa zama a kujerar likitan haƙori. Akwai yarinyar da ta yi mako ba ta zo ba, da ta dawo na tambaye ta, ta buɗe mini baki, sai da na kau da kai. Uwarta wankau take yi. Ƙauyenmu kuwa sai ka yi tafiyar awa biyu kafin ka ga inda ake duba haƙori, can ɗin ma cirewa kawai suka sani. Su waɗannan wa zai liƙe musu?

Baban Walida: Wannan ita ce maganar Malama.

Dakta Hauwa: Ita ce ke hana ni barci ni ma. Abin takaicin shi ne hanyar tana nan, kuma a Afirka aka samo ta. A tsakiyar shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jo Frencken, yana aiki a Tanzaniya inda ba wuta ba inji, ya fito da hanyar gyaran haƙori da kayan hannu kawai. Gilas ayonoman da na ambata gari ne da ruwa, a kwaɓa, a ɗora a kan turmi, a danna da yatsa cikin safar hannu, ya daskare da kansa. Ba ya son fitila, kuma ya fi ɗayan haƙuri da danshi. Yana saurin gogewa fiye da na roba, amma ko ya goge yakan bar saura a ƙasan tsagar. Ana iya yin sa a cikin aji, yaro na kwance a kan benci, kuma ba sai cikakken likita ba, ma'aikatan haƙori da kwalejojin kiwon lafiya suke yayewa za su iya in an horar da su. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, tare da man goge baki mai fuloraid. A Amurka ma makarantun 'ya'yan marasa ƙarfi ake bi ana sa wa yara silant. Yadda ake bin gida gida da allurar rigakafi, ban ga abin da zai hana a bi 'yan aji ɗaya da aji biyu sau ɗaya a shekara ba.

Malama Zulai: Dakta, in na yi wa shugabar makarantarmu da ƙungiyar iyaye magana, za ki iya zuwa ko dubawa kawai ki yi, ki nuna wa iyaye haƙorin nan na shida?

Dakta Hauwa: Zan zo in sha Allah, ranar Asabar ta fi mini. Ki same ni ta gefe mu tsara. Sai dai a samu izinin iyaye a rubuce kafin a buɗe bakin kowane yaro.

Ummu Yasir: Tambaya ɗaya kuma, kada a ce na cika tambaya. In an liƙe, an huta da faɗan goge baki kenan? Don ni da Yasir kullum dare sai an yi dambe.

Dakta Hauwa: A'a, damben yana nan. Saman turmi kaɗai silant yake rufewa. Tsakanin haƙora da gindinsu wajen dasashi a buɗe suke. Sau biyu a rana da man da aka rubuta 1000 zuwa 1500 na fuloraid a jikin kwalinsa, na dare ya fi muhimmanci don yawu yana raguwa in an yi barci. Ya tofar, kada ya kurkure da ruwa bayan nan. Ki riƙa taya shi har ya kai 7 ko 8, hannunsu ba ya kaiwa can baya. Asuwakin Hajiya ma a riƙe shi da rana, yana share baki sosai. Zaƙi kuma yawan lokutan da ake ci ya fi yawan abin da aka ci illa. Duk sanda sukari ya shiga, baki yakan ɗauki rabin awa ko fiye kafin yawu ya kashe tsamin. Alawa biyar a zama ɗaya bayan abinci ta fi sauƙi a kan alawa biyar da aka rarraba daga safe zuwa magariba.

Hajiya Iya: To ni ce mai ba su alawa duk sanda suka shigo gaishe ni. Daga yau sai bayan sun ci tuwo.

Maman Sadiƙ: Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka. Na tura wa Babansu duk abin da aka rubuta. Bai ce komai ba, sai na gan shi ya kira Nana ya haska bakinta da fitilar waya yana ƙirgawa.

Maman Sadiƙ: Salamu alaikum, na dawo da bayani. Yau Alhamis muka je, shi da kansa ya kai mu. An sa wa uku. Na huɗun, na sama ta hagu, likita ya ce dasashi bai gama sauka daga kansa ba, mu dawo bayan wata uku. Na tambaye shi maganar Anti Larai, ya ce in ya fita kafin lokacin dubawa zai mayar ba kuɗi. Nana ko uffan ba ta ce ba, sai dai ta ce maganin shuɗin yana da tsami. Sadiƙ kuma an fara masa aikin jijiyar, saura zuwa biyu, kumburin ya saɓe. A ci gaba da sa shi a addu'a.

Anti Larai: Alhamdulillah. Mutum nawa suka yi aikin?

Maman Sadiƙ: Biyu, wata nas tana riƙe da abin zuƙe yawun.

Baban Walida: Allah ya ƙara sauƙi. Dakta, Walida watan gobe take cika 12. Na duba jiya, akwai wani yana leƙowa a bayan na shidan, rabinsa a cikin nama. In kawo ta yanzu ko in jira ya gama fitowa?

Dakta Hauwa: Kawo ta yanzu Malam, in ga na shidan tukuna.